Sojojin jiki da ciwon sanyi: yadda hanyar haihuwa ke toshewa a ɓoye

A manyan asibitocin Legas da ake zuwa neman haihuwa, irin su LUTH da ke Idi-Araba da LASUTH a Ikeja, akwai wani hoto da ake yawan tura mata su yi. Ana ɗura wani ruwa ta bakin mahaifa, a ɗauki hoto a ga ko ya bi ta bututun ƙwai guda biyu ya fita. Idan ya tsaya a hanya, likita ya ce bututun ya toshe, kuma galibi tabon wani tsohon ciwo ne ya toshe shi. Abin da mata da yawa kan ce a nan kusan iri ɗaya ne: "Likita, ni fa ban taɓa kwanciya ciwon mara ba." Kuma gaskiyarsu suke faɗa.

Wani babban bincike da Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi a ƙasashe 25, aka wallafa shi a 1985, ya gano cewa kusan rabin matan Afirka da aka duba kan rashin haihuwa bututunsu biyu duk a toshe suke, alhali a ƙasashen da suka ci gaba kusan mace ɗaya ce cikin goma. Binciken ya tsufa, amma har yau toshewar bututu na sahun gaba cikin abin da likitocin mata ke gani a Najeriya. To ta yaya ciwon sanyin da bai kwantar da mace ba, wani lokaci ko ƙaiƙayi bai sa mata ba, zai rufe mata hanyar haihuwa? Sai an duba yadda sojojin jiki ke aiki a wannan sashe kafin a gane. Mafi yawan ɓarnar daga yaƙin da jiki ke yi da ƙwayar cutar take fitowa, kuma girmanta ya danganta ne da daɗewar yaƙin da yawan maimaita shi.

Wannan sashe na jiki yana ɗauke da nauyin da babu wani sashe mai irinsa. Ƙa'idar garkuwar jiki ita ce ta yaƙi duk abin da ba nata ba, shi ya sa wanda aka yi wa dashen ƙoda yake shan maganin danne garkuwa har iyakar rayuwarsa. Amma jikin mace dole ya bar maniyyi, wanda daga jikin wani mutum ya fito, ya wuce lafiya, sannan ya riƙe ɗan tayin da rabin halittarsa ta uba ce har wata tara. Masanin nan na Ingila, Peter Medawar, ya ɗago wannan tambaya tun 1953, kuma har yanzu ana kan warware ta. Abin da aka tabbatar shi ne sinadaran da ke juya al'adar mace, istirojin da furojestaron, su ne kuma ke ɗaga tsaron wurin su sauke shi. Bayan fitar ƙwai, na kamar mako guda zuwa kwana goma, tsaron mahaifa yakan sassauta ko da ciki zai shiga. Hikima ce babba ta Ubangiji, sai dai ƙwayoyin cutar da ke bin wannan hanya su ma suna cin moriyar sassaucin.

Tsaron farko ma wasu bakteriya ne masu amfani ke yin sa. Ana kiran su laktobasilas, likitan Jamus Albert Döderlein ne ya bayyana su a 1892, kuma dangin waɗanda ke mayar da madara nono ne. Kowa ya san ɗanyar madara ba ta kwana lafiya a zafin Legas, amma da ta yi tsami sai ta jure, domin tsamin na hana ƙwayoyin ruɓa sakewa. Haka abin yake a farji. Istirojin na sa bangon wurin ya yi kauri ya tara wani nau'in sukari, laktobasilas su ci daga ciki su fitar da tsami. A ma'aunin tsami, inda ruwa zalla yake kan 7 kuma raguwar lamba ke nufin ƙaruwar tsami, farjin mace mai lafiya yakan sauka tsakanin 3.8 da 4.5, kuma yawancin masu kawo cuta ba sa iya zama a tsami irin wannan. Maniyyi yakan kashe tsamin na wasu sa'o'i, jinin al'ada ma haka, daga baya laktobasilas su mayar da wurin yadda yake.

Anan ne nake jin takaicin abin da ake sayar wa matanmu. A Agege, a Mile 12, a Alaba Rago, da kuma a wayoyinmu ta WhatsApp da TikTok, ana tallar haɗe-haɗen wanke ciki da na matsi, ana koya wa amare su cusa sabulu, ko alif, ko ruwan maganin kashe ƙwayoyin cuta, ko tafarnuwa. Matar da ke yin haka tsabta take nema, da farin cikin mijinta, niyyarta ba abin zargi ba ce. Amma wankin yana kwashe laktobasilas, wasu abubuwan kuma suna busar da bangon farji har ya tsattsage. Idan masu tsamin suka ragu, wani taron bakteriya daban, irin su gadnerela, sai su mamaye wurin. Daga nan farin ruwa mai ƙarni ya fara, musamman bayan saduwa. Mace ta ji ƙarnin ta ƙara ƙaimin wanki, an yi gudun gara an faɗa gidan zago. Tsarki da ruwa daga waje ya wadatar, domin cikin yana tsabtace kansa. A yi adalci kuma: mata da yawa, musamman baƙar fata, suna samun wannan sauyi ba tare da sun cusa komai ba, don haka samun sa ba alamar ƙazanta ba ce. Amma yana da farashi. Wani bincike kan 'yan mata a yankin Durban na Afirka ta Kudu, da ya fito a 2017, ya nuna waɗanda suka rasa rinjayen laktobasilas sun fi kamuwa da HIV fiye da ninki huɗu a kan masu nau'in laktobasilas mafi ƙarfi. Dalili kuwa, kumburin da sauyin ke haddasawa yana janyo sojojin da ake kira CD4 zuwa wurin, su ne kuma ainihin waɗanda HIV ke nema.

Idan aka wuce farji sai bakin mahaifa. Bangon farji hawa-hawa ne, amma daga cikin bakin mahaifa zuwa sama shimfiɗa ɗaya ce tak ta ƙwayoyin halitta, kuma nan gonoriya da kilamidiya, wasu bakteriya biyu masu kawo ciwon sanyi ta hanyar saduwa, suke kamawa. A jikin yarinya mai ƙarancin shekaru wannan shimfiɗa mai laushi takan leƙo waje, shi ya sa ƙananan amare suka fi saurin kamuwa idan mijin na ɗauke da cutar. Abin da ke tsare wurin wani yauƙi ne mai kauri da ke toshe ƙofar. A cikinsa akwai sinadaran garkuwa masu manne wa ƙwayar cuta, da laisozaim, irin wanda ke cikin hawaye, mai fasa bangon bakteriya, da laktoferin, mai ɓoye sinadarin ƙarfe don kada bakteriya su samu abin girma. Yauƙin yakan tsinke lokacin fitar ƙwai don maniyyi ya wuce, yakan kau lokacin al'ada, ƙofar kuma a buɗe take bayan haihuwa ko ɓari ko wankin ciki. A waɗannan lokutan cuta ta fi hawa sama.

Su ma ƙwayoyin shimfiɗar ba a zaune kawai suke ba. Suna da wasu na'urorin ji a jikinsu da ke gane sassan da bakteriya kaɗai ke da su, gano irin waɗannan na'urori ne ya kawo kyautar Nobel ta 2011. Da sun ji alamar baƙo sai su saki sinadaran kira, jijiyoyin jinin da ke kusa su buɗe, sojoji su fara kwarara.

Masu fara isowa su ne nutrofil. Ɓargo ke ƙera su, kimanin biliyan 100 kowace rana, kuma su ne fiye da rabin fararen ƙwayoyin jini. Cikin sa'o'i suke cika wuri. Nutrofil yakan haɗiye bakteriya ya zuba mata guba, har da irin sinadarin da ke cikin bilic na wanki, da wasu masu narkar da nama. A 2004 masu bincike a Balin ta Jamus suka gano cewa yakan ma fashe ya watsa zaren halittarsa ya zama raga mai kama ƙwayoyin cuta. Ba ya daɗewa yake mutuwa, kuma tarin gawarwakinsu shi ne mugunya. Ruwan nan mai kauri da ke fita daga gaban namiji kwana kaɗan bayan ya ɗauki gonoriya, tare da zafin fitsari, nutrofil ne. A cikin irin wannan mugunya Albert Neisser ya hango ƙwayar cutar a 1879, bibbiyu a manne.

Abin mamaki, gonoriya ba ta gudun wannan runduna. Wasu daga cikinta suna rayuwa a cikin nutrofil ɗin da ya haɗiye su. Tana sauya siffar 'yan gashin da take kama jiki da su a kai a kai, ta yadda kafin jiki ya gama ƙera sinadarin garkuwa da zai gane ta, ta riga ta canza. Tana ɗibar wani sukari daga jikin mutum ta lulluɓe kanta da shi, sai garkuwar jini ta ɗauka nata ne. Tana da makami mai yanka sinadarin garkuwa na cikin yauƙi gida biyu. Ƙarfen da laktoferin ya ɓoye ma tana da hanyar ƙwace shi. Gwaje-gwaje kan ɓeraye sun nuna kuma tana ingiza jiki ya yi ta turo nutrofil, tana danne ɓangaren garkuwa mai riƙe tarihin abokin gaba. Wannan ne ya bambanta ta da ƙyanda, wadda sau ɗaya ake yi a rayuwa. Gonoriya kam mutum zai warke yau, wata mai zuwa ya sake ɗauka kamar bai taɓa yi ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta sabbin kamuwa da ita miliyan 82 a 2020.

Kilamidiya ta fi ta yawa, miliyan 129 a shekarar, kuma ta fi ta shiru. Mafi yawan matan da ke ɗauke da ita ba sa jin komai, maza da yawa ma haka. Ita ba ta iya hayayyafa sai a cikin ƙwayar halittar mutum. Takan shiga da ƙaramar siffa mai tauri, ta gina wa kanta jaka a ciki, ta rikiɗe zuwa siffa mai rarrabuwa, bayan kwana biyu zuwa uku ɗaruruwa su fito su kama na kusa. Muddin tana ciki, nutrofil da sinadaran garkuwa ba sa kai mata.

A nan sai jiki ya koma ga wani tsari mai ɗaukar lokaci. Akwai wasu ƙwayoyi masu rassa, dendiritik, da ke tsintar gutsattsarin ƙwayar cutar su kai kaluluwar da ke kusa. A can ake zaɓo sojojin T masu alamar CD4 da suka dace da wannan cuta, su hayayyafa, bayan kwanaki su iso mara. Makaminsu wani sinadari ne, intaferon-gama. Idan ya taɓa ƙwayar halittar da kilamidiya ke ciki, yakan umarce ta ta lalata wani abinci da ake kira tiriftofan, wanda cutar ba ta iya girma sai da shi. Wato jiki yana kashe ta da yunwa. Amma kilamidiyar da ke kama al'aura tana da mafita: idan ta samu wani sinadari mai suna indol, tana iya haɗa nata tiriftofan da shi. Jikin mutum ba ya yin indol. Masu yin sa wasu bakteriya ne, har da irin waɗanda ke cika farji idan laktobasilas suka kau. 'Yar'uwarta mai kama ido, wadda ke juya gashin ido ciki har ta makantar, ba ta da wannan dabara, domin a ido babu mai ba ta indol. Ni a ganina duk cikin wannan ilimi babu abin da ya kai wannan jan hankali, domin ya nuna yadda abin da aka cusa a farji da sunan gyara zai iya karya wani makami da ke aiki can cikin ƙwayar halitta. Ko ba indol, yunwar ba kullum take kashe cutar ba. Wani lokaci sai ta lafa, ta daina hayayyafa, ta jira. Binciken da ya bi matan da ba a yi wa magani ba ya nuna kusan rabinsu ne jikinsu ke kawar da ita cikin shekara guda. Sauran suna ɗauke da ita fiye da haka.

Shekara guda kuwa ta ishi cuta ta hau bututun ƙwai, inda ake yin asarar. Bututun siriri ne ƙwarai, a wurin da ya fi matsewa faɗin raminsa bai wuce milimita ɗaya ba, kuma cikinsa a lulluɓe yake da wasu 'yan gashi masu kaɗawa waɗanda ke tura ƙwai zuwa mahaifa. Da aka ɗauki bututun mutum aka sa masa gonoriya a ɗakin gwaji, an ga cutar tana manne wa ƙwayoyin da ba su da gashi, amma masu gashin ne ke mutuwa suna zubewa. Abin da ke kashe su wani sinadarin kumburi ne, TNF, da jikin da kansa ke fitarwa idan ya ji ɓarɓashin bangon bakteriyar. Ga kuma nutrofil, waɗanda gubarsu ba ta bambance nama da ƙwayar cuta. Idan yaƙi ya lafa masu gyara su zo su cike gurbi da tabo, tabo kuwa ba shi da gashi, ba ya motsi, yana kuma manne bango da bango. Bakin bututun ya rufe, ruwa ya taru a ciki. Wani gwaji da aka yi a Amurka a 2003 ya ƙara fito da abin fili: ɓerayen da aka cire wa ɗaya daga cikin na'urorin jin nan sun kawar da kilamidiya a lokaci ɗaya da sauran, amma bututunsu bai lalace kamar na sauran ba.

Idan toshewar ba ta cika ba, maniyyi na iya wucewa ya haɗu da ƙwai, amma ɗan tayin ya maƙale a hanya ya fara girma a bututu. Wannan shi ne ciki a wajen mahaifa, kuma idan bututun ya fashe jini na zuba a ciki, sai tiyatar gaggawa.

Maimaici ya fi komai muni. A garin Lund na Suwidin, likita Lars Weström da abokan aikinsa sun bi matan da aka tabbatar sun yi kumburin bututu na tsawon shekaru. Bayan kamu ɗaya, kashi 8 cikin ɗari ne suka kasa haihuwa saboda bututu. Bayan na biyu, kusan kashi 20. Daga na uku zuwa sama, kashi 40. Dalilin shi ne jikin da ya taɓa haɗuwa da kilamidiya yana da sojojin T da suka san ta. Saninsu bai kai ya hana ta sake shiga ba, amma ya kai su taso da ƙarfi fiye da na farko, kumburi ya ƙaru, sabon tabo ya hau kan tsoho.

Wannan lissafi ne ya sa nake ganin maganar ta shafe mu ta wata fuska ta musamman. Hausawan Legas da yawa rayuwar gida biyu suke yi. Direban tirela da ke jiran lodi a Apapa, mahauci a Oko-Oba, ɗan gwari a Mile 12, maigadi a Lekki, iyali na Kano ko Sakkwato ko Maraɗi, sai da Sallah ko damina ake haɗuwa. Wasu kuma mata biyu ko uku ne a gida. Namiji in ya ji zafin fitsari yakan je kemis ya sha magani ya samu sauƙi, bai gaya wa kowa ba. Matar ba ta jin komai, don haka ba ta shan komai. Ya dawo ya sake ɗauka a wajenta, ya kai wa abokiyar zamanta. Ko kuma ita aka yi wa magani a asibiti, shi ya ce lafiyarsa ƙalau, bayan mako biyu ya mayar mata. Kowane zagaye wani mataki ne a lissafin Lund. Abin da ke hana magana tsoron zargi ne, kuma a nan ilimin nan yana da abin da zai sauƙaƙa mana. Cutar da ke iya zama shekara ko fiye babu alama tana iya biyo mutum daga auren da ya gabata. Bazawara za ta gama iddarta cif, cutar tana nan. Wanda ya rabu da matarsa bara zai iya shigo da ita sabon aure bai sani ba. Samun ta a gwaji ba hujjar cin amana ba ce. Alhaji, Malam, idan likita ya ce a zo da maigida, ba tozarci ake nufi ba. Maganin uwargida ba zai yi amfani ba sai an haɗa da kai da amarya a mako ɗaya, an kuma ƙaurace wa shimfiɗa kwana bakwai. Hatta matsalar ƙarnin nan da aka daɗe ana ɗauka ta mata ce zalla, wani gwaji a Ostireliya da aka wallafa a 2025 ya nuna idan aka haɗa da namiji a magani, dawowarta cikin mako 12 ta sauko daga kashi 63 zuwa 35.

Namiji ma ba a tsira yake ba. Fitsari na wanke masa hanya, alamomi kuma sun fi saurin bayyana a jikinsa, amma yana da nasa raunin. Maniyyi ba ya fara samuwa sai a balaga, bayan garkuwar jiki ta daɗe da tantance abin da yake nata, don haka akwai shinge a cikin maraina da ke ɓoye shi daga sojojin jiki. A bayan kowanne daga cikin marainan kuma akwai wani siririn bututu guda ɗaya a nannaɗe, mai tsawon kusan mita shida, inda maniyyi ke nuna. Idan cuta ta kai can, kumburi na iya barin tabon da zai datse hanya, ko ya fasa shingen har jiki ya fara yaƙar maniyyin kansa. Gonoriyar da ba a yi wa magani daidai ba takan kuma bar tabo a hanyar fitsari, bayan shekaru fitsari ya riƙa fita da ƙyar. Sau da yawa matar da dangin miji ke kira juya ita ce mai lafiya.

Akwai maganganu biyu da suka cika Legas waɗanda ke ɓatar da mutane daga hanya. Ɗaya ita ce an ɗauko ciwon a masai. A gidajen haya da ɗaki goma ke bin bayan gida ɗaya, maganar tana da saurin karɓuwa, tana kuma rufa asiri. Amma gonoriya ba ta daɗewa a wajen jiki, kilamidiya kuma sai a cikin ƙwayar halitta take rayuwa, ta saduwa ake ɗaukarsu. Ta biyu ita ce "staf", wadda masu tallar magani a danfo da lasifikokin kasuwa ke ɗora wa kowane rashin haihuwa. Staf bakteriya ce da ke zaune a fatar mutane da yawa masu lafiya, kuma cikin sauƙi take shafar audugar gwaji. Kilamidiya kuwa ba ta tsirowa a faifan gwaji na yau da kullum, sai an yi gwajin PCR mai gano zaren halittarta, wanda tsadarsa ta sa ba kowa ke yi ba. Sai mace ta kwashe watanni tana shan maganin staf, kafso bayan kafso, magungunan suna kashe mata laktobasilas, ƙaiƙayin fungas ya taso, a ce ciwon ne ya dawo, a ƙara wani. Ainihin mai ɓarnar kuwa ba a taɓa shi ba.

Wannan shan magani barkatai ne kuma ya horar da gonoriya. Ta gagari salfa, ta gagari fenisilin, da tetirasaikilin, da sifurofulozasin. Abin da ya rage ana dogaro da shi a yawancin wurare allurar seftiriyazon ce, kuma an fara ganin masu jure mata a wasu ƙasashe. Kilamidiya har yanzu tana jin doksisaikilin na kwana bakwai, mai ciki kuma akan ba ta azitiromaisin. Idan ciwo ya riga ya hau sama, haɗin magunguna ne na kwana 14, kuma sai an shanye ko da an ji sauƙi a kwana na uku. Maganin yana kashe ƙwayar cuta ya tsayar da yaƙin, amma tabon da ya riga ya zauna ba ya gogewa.

Rigakafi kuma har yanzu da saura. Gonoriya 'yar'uwar ƙwayar sanƙarau ce ta kusa, kuma a 2017 aka lura a Niyu Zilan cewa waɗanda aka yi wa allurar sanƙarau nau'in B sun rage kamuwa da gonoriya da kusan kashi 31. A kan haka Ingila ta fara ba masu haɗarin kamuwa irin wannan allura a 2025. Wadda Najeriya ta fara bayarwa a 2024 tana kare nau'i biyar na sanƙarau ne, babu B a ciki, don haka kada a ɗauka ta shafi wannan. Ta kilamidiya ta tsallake gwajin farko a jikin mutane a 2019. Wahalar da masu haɗa ta ke fuskanta ita ce wadda aka bayyana a sama: ana son a tayar da sojojin T su isa da wuri su kashe cutar a bakin mahaifa, ba tare da sun tayar da kumburin da ke lalata bututu ba.

Kafin a kai can, abin da ke hannunmu lokaci ne. Ciwon mara da ya zo da zazzaɓi, ko zafi daga ciki lokacin saduwa, ko ganin jini tsakanin al'ada da al'ada ko bayan saduwa, ko ruwa mai launi da wari, musamman a makon da aka gama al'ada ko bayan ɓari, alamu ne na cewa yaƙin ya hau sama. Irin wannan ba a jiran maigida ya dawo daga tafiya, ba a fara gwada jiƙo a gani, asibitin gwamnati mafi kusa ya isa a fara magani a ranar. Da aka sake duba bayanan matan Lund a 1993, an ga waɗanda suka yi kwana uku ko fiye da fara ciwon kafin su je asibiti sun ninka waɗanda suka je da wuri kusan sau uku wajen rasa haihuwa ko yin ciki a wajen mahaifa.